Ina Burtali Ya Tsaya? Nazarin Wata Ɓarna a Arewacin Jigawa da Tarihin Hukumomin Dabbobi

Ranar wata Laraba ce, jajiberin kasuwar Maigatari, aka turo yaro da babur ya ɗauke ni zuwa ƙofar gidan dagaci. Kaka ce, an yanke gero an ɗaure dammuna, wake kuwa yana gona bai gama bushewa ba. Da na iso na tarar an shimfiɗa tabarmi biyu nesa da juna. A kan ɗaya manomi ne da 'yan uwansa, a gabansa tarin rassan wake da aka tattake. A ɗayar kuma Arɗo ne da ɗan ƙanensa, saurayi, an ɗaure masa goshi da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Shanu ne suka faɗa gonar wake da asuba. Mai gona ya ce da gangan aka yi masa ɓarna. Saurayin ya rantse bai kauce ko taku ɗaya daga inda mahaifinsa yake bi da shanu zuwa tafki ba.

Bayan mun gaisa dagaci ya dube ni ya ce, "Malam, cikin waɗanda suka ga ranar da aka kafa turakun nan, kai kaɗai ka rage a kusa. Tsakaninka da Allah, ina burtali ya tsaya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da baki ba zan iya ba. Sai dai a ba ni mutum biyu da fartanya."

Ba zan ambaci sunan garin ba, domin mutanen nan suna raye kuma kasuwa ɗaya suke ci. Ni dai malamin dabbobi ne. Na kama aiki a 1983 lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, na ajiye a 2018 a Jigawa. Cikin shekara 35 ɗin nan na yi aiki a ƙarƙashin sunaye da yawa, an sauya allon ƙofar ofis, an sauya kan takarda, an sauya shugabanni. Tambayar da dagaci ya yi mini ita ce ta sa na zauna na bi tarihin hukumomin nan, domin na lura akwai aikin da suka iya ƙwarai, akwai kuma wanda har yau ba a taɓa damƙa musu ikon yinsa ba.

Farkon sanin gwamnati da saniya

Jangali, wato harajin shanu, shi ne ya fara haɗa hukuma da makiyayi. Tun zamanin Daular Usmaniyya ake karɓarsa, da Turawa suka zo suka riƙe shi, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga baitulmalin En'e. Kowace damina malaman jangali sukan bi ruga-ruga suna ƙirga. Wannan ya bar tabo a zuciyar Bafillace, har ya zama duk wanda ya zo da littafi da alƙalami yana tambayar yawan shanu, abin gudu ne. Mu da muka zo daga baya da sirinji mun gaji wannan tsoron. Amma jangali yana da wata fuska da ba a cika faɗa ba. Tunda saniya kuɗi ce ga hakimi da En'e, hakimi yana son Fulani su yi damina a ƙasarsa. Idan manomi ya ci burtali, dogari na zuwa. Makiyayi yana biya, saboda haka yana da bakin magana a fada.

Abu na biyu shi ne cuta. Tsofaffi suna ba da labarin annobar bushiya, wata muguwar cutar shanu, ta wajen 1890, wadda ta share garkuna har aka riƙa kiranta "sannu", saboda gaisuwar jaje da ake yi wa Fulani ko'ina. Turawa sun buɗe sashen likitocin dabbobi a Zariya, sannan a 1924 suka mayar da shi Vom a kan tsaunin Jos, inda har gobe ake haɗa allurar riga-kafin dabbobi ta ƙasar nan. Ba don Allah kawai suka yi ba. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, daga baya ya kai Nguru, ana lodin shanu zuwa kudu, fatar jar akuya da ƙirgi kuma suna tafiya Turai. Duk da haka aikin ya amfani mutane.

Babban abin da aka yi shi ne gangamin haɗin gwiwa na yaƙi da bushiya da aka fara a 1962, wanda ake kira JP15. Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru ne suka fara shi tare, saboda an gane saniya ba ta san iyakar ƙasa ba. Ana yi wa garke allura shekara-shekara, a huda kunnen wadda aka yi wa don a gane ta. Magabatana a wurin aiki, waɗanda suka yi wannan zagaye, sun ce cikin 'yan shekaru cutar ta yi ƙasa har mutane suka fara mantawa da ita. Da kuɗin waje suka ƙare, aka sassauta. Motoci suka lalace, firij mai kananzir ya mutu ba a gyara ba, 'yan maruƙan da aka haifa bayan gangamin suka girma babu riga-kafi a jikinsu.

A tsakanin nan ne kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano da ya hau mulki a 1979. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har yau ina ganin daidai ya yi, domin an sha zaluntar talaka wajen karɓa. Kuskuren da aka yi shi ne ba a kawo wani abu da zai maye gurbin wancan igiyar da ta ɗaure hukuma da makiyayi ba. Daga lokacin babu wanda albashinsa ya dogara ga sanin shanu nawa ne suka kwana a gundumarsa.

Shekarar da na kama aiki

Bushiya ta dawo a 1983, ni kuma ko wata shida ban yi da fara aiki ba. Ba na mance ranar da aka kai mu wata ruga yamma da garin da nake magana a kai. Tun daga nesa wari ya tare mu. Shanu na kwance, idanu da hanci na zubar da ruwa, baki duk gyambo, gudawa ta ɓata musu ƙafafu. Wani dattijo yana zaune a gindin aduwa ya dafa kai, matansa na tsaye da ƙore wayam. Mahaifin Arɗon nan ne da na tarar a ƙofar dagaci. Shi Arɗo a lokacin saurayi ne, shi ya riƙe mini ƙahon saniyar farko da na taɓa yi wa allura a daji, hannuna na rawa.

Mutanen da a da suke kora shanu cikin dare idan sun ji za mu zo, su ne yanzu suke kwana a ƙofar ofis. Allura tana zuwa daga Vom a cikin akwatin ƙanƙara, idan rana ta yi tsaka ƙanƙarar ta narke, aikin ranar ya tashi. Mukan fita tun kafin kiran assalatu. An kafa shinge na itace, ana koro shanu ɗaya bayan ɗaya, wani na riƙe, wani na soka, wani na rubutu. A 1986 aka sake ɗaura wani gangamin na Afirka baki ɗaya, aka ci gaba da bi shekara da shekaru, har a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Yaran Fulani na yanzu sunanta kawai suke ji.

Na daɗe ina tunanin me ya sa wannan ya yiwu. Aikin guda ɗaya ne, kowa ya san shi. Ana iya ƙirga shi da yamma. Ba ya taɓa gonar kowa. Kuma duk wanda ya zama shugaba, aikin yana nan yadda yake, sabon darakta ba ya zuwa ya ce a sauya wa bushiya suna. Makiyayi ya ga fuska ɗaya tana dawowa kowace shekara, har ya fara ce mata "Likita", ya ba ta kindirmo. Har yau muna fama da ciwon huhu da sammore da harbin daji da ciwon hanta, amma a fagen cuta kowa ya san wa zai nema.

Maganar ƙasa kuwa daban take

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta hango matsalar da wuri. A 1965 aka yi dokar keɓe makiyaya, wadda ta ba da damar a ware daji, a auna shi, a shigar da shi gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ya zama na kiwo. Tunani ne mai kyau, amma a watan Janairun 1966 aka kashe Sardauna, a 1967 aka raba Arewa jiha shida, kowace jiha ta ɗauki dokar ta yi da ita gwargwadon himmar masu mulkinta. A Kano, Audu Bako ya zuba ƙarfinsa a ruwa. Madatsun Tiga da Bagauda aikinsa ne, kuma dabbobi sun sha albarkacinsu. Sai dai ruwan da aka tare a sama ya rage ambaliyar da ke jiƙa fadamun Haɗeja, inda shanu ke cin rani tun kaka da kakanni, kuma inda ruwa ya tsaya noman rani ya biyo shi.

Sai dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ita ce ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin karkara, har hekta 500 don noma, har hekta 5,000 don kiwo. A nan gizo ke saƙar. Ofishin dabbobi, na tarayya ne ko na jiha, ba shi da ikon ba da ƙasa, ba shi da ikon hanawa. A lokacin sashe ne kawai a cikin ma'aikatar gona, kuma a ma'aikatar gona taki da iri ne ke gaba, dabba na biye. An yi shirye-shiryen bunƙasa kiwo guda biyu da rancen Bankin Duniya, na farko a shekarun 1970, na biyu daga ƙarshen shekarun 1980, ana gudanar da su daga Kaduna. An ba da bashin turka, an haƙa dam-dam a wasu makiyaya. Manufar noma ta 1988 ma ta ce a ware kashi 10 cikin 100 na ƙasar nan don kiwo. Amma alƙaluman da gwamnati kanta take ambata su ne makiyaya 415 a faɗin ƙasa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka shigar gazet. Wanda ba a shigar ba, sunansa daji, kuma daji a idon mai neman gona na kowa ne.

A wancan zamanin ne, ƙarshen shekarun 1980, wata tawagar safiyo ta zo garin nan. An haɗa ni da su don na san rugage. Kwana huɗu muka yi muna jan sarƙa daga bakin makiyaya zuwa tafki, ana kafa turakun siminti gefe da gefe. Dagacin lokacin, mahaifin na yanzu, yana tsaye, Arɗon lokacin yana tsaye. Na ga an zana taswira, na ga an sa hannu. Ban sake ganin takardar ba. Da aka ƙirƙiro Jigawa a watan Agustan 1991 aka raba ma'aikata da motoci da fayiloli, na nemi kwafinta a wurare fiye da ɗaya, kowa ya ce mini ba ta iso gare shi ba.

Ba na ɗora wa manomi laifi, ni ma ɗan manomi ne. Ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Jigawa miliyan 4.3, ga shi gona ba ta haihuwa. Gandun da mutum ɗaya ya noma, yau jikoki goma ne a kansa. Garmar shanu ta sa mutum na iya buɗe fili mai faɗi cikin kwana biyu, kuma kowace shekara kunya ɗaya ake ƙarawa ta gefen burtali, ba wanda zai ce ga ranar da aka ci. Injinan ban-ruwa da suka yaɗu da shirin Fadama a farkon shekarun 1990 sun kewaye mashaya da albasa da tumatir. Wani abin kuma, da can manomi ne ke roƙon Bafillace ya kwana da shanu a gonarsa bayan girbi don taki, har ya ba shi damin gero. Yanzu manomi na da shanun huɗa da tumakin turka, kara da harawa da ƙowa duk kuɗi ne, tattarawa yake ya ɗora a kan bishiya. Abin da ya haɗa su a da, shi ya zama abin rigima.

Shugabanni da sunaye

A Jigawa an samu lokacin da aka ɗauki maganar da gaske. Zamanin Sule Lamido, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jiha, aka bi wasu makiyaya da burtaloli aka sake shata su, aka kafa famfuna masu aiki da iska don shayar da dabbobi. Abin da ya ba wannan ƙarfi, a ganina, shi ne mai ikon ƙasar ne da kansa ya sa baki. Idan gwamna ya ce a tashi daga burtali, shugaban ƙaramar hukuma da hakimi sun san ba wasa. Badaru Abubakar da ya biyo baya an fi saninsa da rabon awaki ga mata, abin da wasu suka yi wa dariya, ni kuwa na ga gidajen da akuya ta sayi littafi da sabulu. A Kano, Abdullahi Ganduje ya tura 'ya'yan Fulani Turkiyya koyon barbarar zamani, ya fara matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya ta ƙaramar hukumar Kiru, aka kuma samu shirin noma da kiwo na dala miliyan 95 da tallafin Bankin Musulunci. Kowanne da alherinsa. Amma kowanne da mutum ɗaya ya tashi, kuma wanda ya gaje shi yakan zo da nasa.

A tarayya abin ya fi yawa. Daga 2015 zuwa 2024 ministocin gona huɗu aka yi: Audu Ogbeh, Sabo Nanono ɗan Kano, Mohammad Mahmood Abubakar, sai Abubakar Kyari. A farkon 2018 Ogbeh ya kawo maganar keɓe manyan matsugunan shanu a jihohi, aka yi ca a kansa. A 2019 aka fito da shirin Ruga, kafin a kafa tubali siyasa ta cinye shi, aka dakatar a farkon watan Yuli. A shekarar dai Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da shirin sauya fasalin kiwo na shekara goma a makiyayar Gongoshi ta Adamawa. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don wani shirin kiwo da ake kira L-PRES. Duk waɗannan a rediyo Arɗo ya ji su. Ya taɓa tambayata, "Likita, wannan sabon da ake faɗa, shi ne na bara aka sake wa suna, ko wani ne?" Na yi masa bayani iyakar sanina, ya gyaɗa kai, ya koma maganar wata karsana da ta ƙi cin abinci.

Akwai hukuma ɗaya da nake yawan kawo misali da ita, wato ta ilimin 'ya'yan makiyaya, wadda aka kafa da doka a 1989 lokacin Farfesa Jibril Aminu na ministan ilimi, hedkwatarta a Kaduna. Tana da nata rauni, makarantu da yawa ba malamai isassu. Amma da yake doka ce ta kafa ta, da suna ɗaya da aiki ɗaya, ta wuce shekara talatin tana nan, kuma saurayin nan mai tsumma a goshi a irin makarantar ya koyi karatu.

Abin da fartanya ta tono

Washegari kowa ya tafi kasuwa, sai ranar Juma'a bayan an sauko muka fita. Na fara daga wata tsohuwar tsamiya, don na tuna a inuwarta muka ci abinci ranar farko, kuma turken farko yana gabas da ita kaɗan. Muka yi ta sara ba komai. Rairayi ne, iska ta shekara talatin ta binne duk abin da ke ƙasa. Can wajen la'asar fartanyar wani yaro ta yi ƙara. Aka tona da hannu, sai ga kan siminti, gefe ɗaya ya gutsure, lambar da aka rubuta tun yana ɗanye tana nan ana karantawa. Arɗo ya tsuguna ya shafa shi, bai ce komai ba.

Daga wannan muka gane layin. Na biyu da na uku ba su ba mu wuya ba. Na huɗu kuwa a tsakiyar gonar waken ya fito, wake ya yaɗu a kansa. Da muka samo abokinsa na ɗaya gefen, na taka tsakaninsu, taku sittin da 'yan kai. Na dawo na taka abin da ya rage wa shanu a yau, taku tara. Garken da ya kai saniya hamsin ba zai bi taku tara bai taɓa gefe ba, ko da mala'ika ne ke kora shi.

Mutane suka juya suna kallon mai gona. Shi kuwa ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a cikin leda. Sayen gonar ya yi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da kuɗin shanun huɗarsa da ya sayar. Ga shaidu, ga sa hannu, ga hatimi. Wanda ya sayar masa ya rasu, shi ma gadonta ya yi a haka. Muryarsa na rawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ɓarawo ne? Wa ya ce mini akwai turke a ƙarƙashin ƙasa?"

A nan jikina ya yi sanyi. Mutum biyu ne a gabanmu, kowa da hujjar hukuma a hannunsa, ɗaya ta siminti, ɗaya ta takarda, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Wanda ya kafa turke bai bar wa mai ba da takarda taswira ba. Mai ba da takarda bai taɓa tambayar ofishin dabbobi ba, don babu dokar da ta tilasta masa. Ni da nake tsakani na san da turakun, amma aikina allura ne, ban taɓa samun takardar da ta ce in je in duba su ba, ni ma kuma ban matsa ba. Da a ce kowace shekara, yadda muke zagayen riga-kafi, akwai mai bin burtali kafin shuka yana tone turke yana shafa masa farar ƙasa, da jinin yaron nan bai zuba ba.

Dagaci ya yi sulhu irin na manya. Aka kira mutum uku suka kimanta ɓarnar wake, Arɗo ya ɗauki rabi, aka yafe rabi. Mai gona ya biya kuɗin maganin yaron, ya kuma je har ruga ya ba da haƙuri. Aka bar shi ya cire amfaninsa na shekarar, da sharaɗin baɗi zai ja da baya. Ba a koma taku sittin ba, domin hakan zai taɓa gonaki bakwai, wasu na marayu. An tsaya a talatin, kowane gefe ya saki wani abu. Dagaci ya yanka wa mai waken wani yanki daga gonar gidansu don rage masa asara, abin da ba kowane basarake zai yi ba. Arɗo ya ce, "Talatin ta fi tara, Allah ya sa a riƙe." Sannan aka yanke shawarar a dasa aguwa a layin biyu, irin shingen da kakanninmu suke yi wa burtali, tunda dabba ba ta cinta, kuma ba ta nutsewa cikin rairayi kamar siminti.

Sabuwar ma'aikata

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi ta tarayya, karo na farko a matakin tarayya da dabba ta fita daga ƙarƙashin ma'aikatar gona. Tushen maganar taron da Ganduje ya kira a Abuja a farkon 2023 ne, wanda Farfesa Attahiru Jega ya jagoranci kwamitinsa, kuma Jegan ne aka sa ya taya shugaban ƙasa jagorancin kwamitin aiwatarwa. Daga baya a shekarar aka naɗa Idi Mukhtar Maiha, mutumin Adamawa mai gonar shanu a Kaduna, ministan farko. Na yi farin ciki, don mun daɗe muna roƙon wannan. Wanda ya taɓa zama a taron kasafi yana jiran a gama maganar taki kafin a ba shi minti biyar zai gane dalili.

Amma ma'aikatar ta gaji abin da muka gada. Ƙirgar dabbobi ta ƙasa da aka daɗe ana dogaro da ita ita ce ta 1990, wadda aka yi da jirgin sama da bin ƙasa, ta ba da shanu wajen miliyan 13.9, shekaru da yawa bayanta kuma kintace aka riƙa ɗorawa a kai. Dokar 1978 tana nan, minista a Abuja ba zai iya hana a sayar da taku ɗaya na burtali a ƙauyenmu ba. Ga yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1998 da ta halatta wa makiyaya ƙetare iyaka, kuma kowace kaka Udawa na gangarowa daga Nijar ta wannan yanki da tumakinsu, su nufi fadamun Guri da Kirikasamma, inda aka sha zubar da jini. Su ba su san sulhun da muka yi a ƙofar dagaci ba, hanyar da suka sani suke bi. Abin da nake fata daga minista da gwamnoni shi ne su zauna su ɗaure abu biyu da doka: kada a hatimce takardar gona a karkara sai an duba taswirar burtali, kuma a sa wa wani ma'aikaci, da sunansa da albashinsa, bin turaku kowace shekara kafin ruwan farko. Kiwon zamani da madara da ake buri duk za su zo, amma saniyar da ke hannun mutane yau da ƙafa take zuwa ruwa.

Na rubuta awon da muka yi kwafi uku, da zanen hannu da sunayen bishiyoyin da ke kusa da kowane turke. Ɗaya na wurin dagaci, ɗaya na wurin Arɗo, ɗan ƙanensa ne ke karanta masa, na ukun na kai ofis na sa an buga mini hatimin karɓa. Aguwar da aka dasa ta kama a gefen gabas. A gefen yamma an tumɓuke wajen guda ashirin cikin dare, ba a san ko wane ne ba, muka sake dasawa da ruwan Agusta. Daga gonar waken zuwa bakin tafki akwai sauran turaku da ba mu tono ba, ina jin shida ne ko takwas. Dagaci ya sa ranar Asabar ta biyu bayan an gama ɗaure gero, ya ce kowane gida ya turo mutum ɗaya da fartanya.